Dan Allah masu sanin ruwa, yaya ake gane gaɓa da wurin jefa anga a tafkin Kainji?

Dan_Tunga:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara daga waɗanda suka san ruwa, musamman mutanen Yauri da Warra da Shagunu, ko duk wanda ya taɓa tuƙa jirgi a tafkin Kainji. Ni a tudu aka haife ni, sana'ar kifi ce ta kawo ni bakin ruwa. Shekara biyu ina bin jirgin haya ina shiga tungaye ina sayen banda in kawo kasuwar Yauri, bara na haɗa 'yan kuɗina aka ƙera min ƙaramin jirgin katako na ɗaura masa inji mai doki 15, in iska ta yi kyau kuma mu ɗaga buhunan da muka ɗinka a jikin gora don a rage shan mai, kun dai san yadda fetur ya koma.

Abin da ya sa na yi wannan rubutu, makon jiya ni da ɗan yayata muna dawowa da kwali shida na banda, bayan la'asar hazo ya sauko ya rufe ko'ina. Akwai wani tudun yashi da na saba gani in na kusa lungun da muke kwana, tun watan Yuli da shi nake gane wurin, ranar na neme shi sama da ƙasa babu. Muka yi ta kewaye har rana ta faɗi, da na ga mai zai ƙare sai na kashe inji muka jefa dutsen da muke ɗaurewa cikin buhu a matsayin anga, wato abin da ke tsayar da jirgi wuri ɗaya. Wajen tsakar dare ƙarar gogar katako ce ta tashe ni, na haska tocila na ga jirgi a tsakiyar kututtura, dutsen bai riƙe ba, jirgi ya gusa da mu ban san iya nisan ba. Yaron nan shekararsa 14, amana aka ba ni shi, wallahi har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Tambayata: da me kuke gane gaɓa in komai ya yi kama da juna? Wane irin wuri ake zaɓa a kwana? Kuma igiyar anga tsawonta nawa ya kamata? Allah ya saka da alheri.

Basarke_Yelwa:

Wa alaikumus salam. Ɗana barka da arziki, Allah ya ƙara tsarewa. Ni cikin jirgi na girma, ubana ma haka, to bari in gaya maka abin da munka gada da abin da munka gani da idonmu.

Tudun yashinka bai ɓace ba, shina nan, ruwa ne ya hau kansa. Wanga tafki ba tsaye yake ba. Ruwa biyu muke samu a shekara. Akwai farin ruwa da ke zuwa daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan damunarmu ne da na gulbin Sakkwato, shi ne mai laka. Sannan akwai baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga duwatsun ƙasar Gini ya yi watanni shina ratsa fadamun Mali, sai cikin hunturu ya iso mana, ya tace tas. Shi ya sa yanzu da ake sanyi babu ko ɗigon ruwan sama tafki ke cike maƙil, a watan Yuli kuwa da ka koyi hanya lokacin ruwa ya janye ne. Tsakanin cikarsa da janyewarsa ya kan kai kusan mita 10 a tsaye, to ka duba inda gaɓa take shimfiɗe, mita 10 ai tafiya ce mai nisa. Tsibirin Foge ma da girmansa ruwa na cin mafi yawansa in ya cika, ina ga ɗan tudun yashi.

Don haka duk abin da ruwa ke taɓawa kada ka riƙe shi alama. Yashi, ciyawar burugu, bukkar masunta, jirgin da anka kife a gaɓa, duk masu tashi ne. Ka ɗaga ido sama da inda ruwa ke tsayawa in ya cika: dutse, rimi, kuka, giginya, hasumiyar masallaci, ƙarfen sabis. Giginya na fi so don tana da tsawo kuma ba ta canza kama rani da damina, ita kuka in ta zubar da ganye sai ka rantse ba ita ba ce.

Kuma alama ɗaya ba ta isa, nan ne baƙi ke ɓata. In ka ga kuka guda, abin da ka sani kawai kana wani wuri a gabanta, ko ta dama ko ta hagu ba ka sani ba. Mu biyu muke haɗawa, ɗaya kusa da ruwa ɗaya can baya bisa tudu. In giginyar gaba ta rufe rimin baya sunka zama kamar itace guda, to kana bisa layi guda tak, kamar zaren da anka ja. Ka kauce dama su rabu, ka kauce hagu su rabu ta ɗaya gefen. Ranar da ka shiga lungu lafiya da rana tsaka, waiwaya ka nemi abu biyu da sunka hau layi da hanyar da ka biyo, ka riƙe su. In ka samu wasu biyun ta gefe, to inda layukan biyu sunka gicciye nan ne wurinka, ko shekara goma ka yi ba ka zo ba za ka koma kansa. Da haka muke gane inda munka bar mamari, doguwar igiyar kamun kifi mai ƙugiyoyi, a tsakiyar ruwa. Kuma ka riƙa waiwaye in kana fita, don gaɓa fuska biyu gare ta, yadda take in za ka tafi daban da yadda take in kana dawowa.

Maganar wurin kwana kuma iska za ka fara tambaya. Ka nemi inda iska ke fitowa daga tudu ta zo maka, ba inda take tura ka zuwa tudu ba. In daga tudu take zuwa ruwan wurin kwance yake, ko anga ta saki tsakiyar ruwa za ka nufa kana da lokacin tada inji. In kuwa tana tura ka gaɓa, igiyar ruwa ta taso tun daga ƙetare ta tara ƙarfi, anga na saki sai dai ka ji ka bisa dutse. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take, to gaɓar gabas, wajen su Warra, ita ke ba da mafaka. Da damina sai an yi hattara sosai, iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take sai ka ga gaɓar yamma lumui ka ce ka samu wuri, alhali hadari daga gabas yake tasowa, cikin dare ya juyo ya same ka a buɗe. A tsakiyar tafki faɗin ruwa ya wuce kilomita 20, igiyar ruwan da ta yi wannan tafiya ba ta wasa da ƙaramin jirgi. In ka ga gabas ta haɗe ka nemi bakin ƙorama ka shige ciki tun kafin iska ta iso.

Sai ƙasan ruwa. Soka gorarka ka ji. In ta nutse ta riƙe har sai ka murɗa kafin ta fito, laka ce, nan anga ke kamawa. In ka ji ƙaras-ƙaras yashi ne, ba laifi. In ta yi tsalle ta dawo maka a hannu fa ne, tashi ka canza wuri. Dutse cikin buhu kuwa ka bar shi, gangarawa yake. Je wurin mai walda ya lanƙwasa maka rodi mai ƙugiya huɗu, ka sa sarƙa mai tsawon gaba ɗaya ko biyu (gaba ita ce buɗin hannu biyu) tsakaninta da igiya, in babu kuɗin sarƙa ɗaura dutsen naka a jikin igiya tsawon gaba guda sama da angar don igiya ta kwanta ƙasa. Anga a kwance take kamawa, in igiya ta miƙe tsaye tumɓuke ta take yi. Zurfin gaba biyu, saki igiya gaba goma. Na san za ka ce ta yi yawa, ba ta yi ba. Kuma a goshin jirgi ake ɗaurewa, kada ka kuskura ka ɗaure ta baya wurin inji, nan ne jirgi ya fi nutsewa, igiyar ruwa biyu ta isa ta cika maka shi.

Abu na ƙarshe, inda ka ga burugu ya kwanta an yi hanya mai faɗi daga ruwa zuwa tudu, ga kashi a warwatse, turbar dorina ce. Da dare take fita kiwo ta dawo kafin gari ya waye, kada ka kwana tsakaninta da ruwa.

Abu_Yeji:

Salamu alaikum daga Gana. Ni ban taɓa zuwa Kainji ba amma da na karanta labarinka sai na ji kamar a nan Yeji aka yi, don tafkin Volta ma haka aka yi shi, an tare ruwa a Akosombo a 1965 ya hau kan daji da itatuwansa a tsaye. Har yau kututture shi ne babban abin da ke fasa mana jirage. Baba Basarke ya gama magana, ni kan kututture kawai zan ƙara.

Itacen da ke cikin ruwa ba ya saurin ruɓewa. Daidai inda ruwa da iska ke haɗuwa nan yake cinyewa ya karye, sai ya bar kai mai tsini a ƙasa kaɗan da fuskar ruwa. Wanda kake gani ba shi ne abin tsoro ba, wanda ruwa ya rufe da taƙi ɗaya shi ne. In ruwa kwance yake ka duba gaba, za ka ga wani ɗan murɗi ko ruwa ya yi kamar an ja layi a wuri ɗaya ba ya motsawa, to akwai abu a ƙasa. Ka sa yaron a goshi da gora, kai kuma ka rage wuta. Kuma kada ka kulle injin, bar shi yadda in ƙafarsa ta bugi abu zai ɗaga sama da kansa.

Shawarata ka yi amfani da lokacin janyewar ruwa. Mu nan in ruwa ya sauka muke zagawa mu kalli inda itatuwa suke, don a lokacin duk sun fito fili. Inda tsohon kogi ya bi babu itace, ai itace ba ya tsirowa a tsakiyar kogi, saboda haka tsohuwar hanyar ruwa ita ce titi, dajin da ke gefenta shi ne tarko. Tsofaffin da suka san wurin kafin a tare ruwa suna iya nuna maka.

Game da anga mai ƙugiya, matsalarta a wuri irin namu ita ce maƙalewa a saiwa, ka ja ka ja ta ƙi, ƙarshe ka yanke igiya ka yi asara. Ɗaura siririyar igiya a gindinta, wajen ƙugiyoyin, ɗaya bakin kuma ka ɗaura wa ƙaramar jarka ta yi yawo a sama. In ta maƙale sai ka je kan jarkar ka jawo ta baya-baya ta fito salin alin. Kuma dan Allah kada ka ɗaure jirgi a jikin busasshen itacen da ke tsaye cikin ruwa komai kyansa, na ga wanda reshe ya faɗo wa cikin dare ya raba jirgin biyu.

Injiniya_Bussa:

Barka da arziki ɗan uwa. Maganar dattawa gaskiya ce, amma akwai inda nake so a duba: duk alamun da aka lissafa ido ke ganin su, shi kuma matsalarsa ranar ai hazo ne, ko giginya goma ne a jere ba zai gani ba. A nan wayar da ke aljihunka za ta yi aiki. Mutane da yawa suna zaton sai da sabis ko data GPS, wato abin da ke nuna inda kake a waya, ke aiki, a'a, daga tauraron ɗan adam yake karɓa kai tsaye. Taswirar ce ke buƙatar data, ita kuma kana iya sauke ta yankinku tun kana gari. Duk lungun da ka kwana lafiya danna ka ajiye wurin ka sa masa suna, haka bakin kowace tunga. Akwai manhajojin da ke zana layin duk inda ka bi, in hazo ya rufe sai ka bi layinka ka koma.

Sai dai a kula da abu biyu. Layin da ka zana yanzu da ruwa ke cike, in ka bi shi a watan Yuni kan kututture zai kai ka, don haka rubuta wata a jikin sunan kowane layi. Na biyu gaɓar da taswira ke nunawa hoton rana ɗaya ce, kada ka yi mamaki in waya ta nuna kana tafiya a kan tudu. Sa wayar a leda mai kulle, ka riƙe fawa bank. In ka sayi ƙaramin kamfas kada ka duba shi kusa da inji ko anga, ƙarfe na jan allurar.

In sama ta washe da dare kuma, tauraron arewa ba ya gusawa. A yankinmu yana ƙasa-ƙasa, miƙa hannunka ka dunƙula, kamar tsayin dunƙule ɗaya yake daga inda sama ta haɗu da ruwa. Tafkin daga Yelwa zuwa dam ya fi kilomita 130 kuma kusan kudu da arewa ya miƙe, in tauraron na gabanka gida Yauri ka nufa.

Amma ni abin da ya fi damuna a labarinka ban ji ka ambaci rigar ruwa ba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare kuma ta wajabta rigar, ba don a takura wa kowa ba. Duk wanda ke yankin nan bai manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra a watan Mayun 2021 ba da yawan gidajen da aka yi zaman makoki. Dan Allah kafin ka sayi komai sayi riga biyu, ta yaron ta zama daidai jikinsa.

Maman_Hafsat:

Sannu ƙanena, Allah ya kiyaye gaba. Ni ba matuƙiya ba ce amma shekara 19 ina bin jirgi ina sarin kifi, hazo ya rufe mu ya fi a ƙirga. Abin da na ga tsofaffin matuƙa na yi shi ne su kashe inji kowa ya yi tsit a kasa kunne. Sauti na tafiya nesa a kan ruwa, za ka ji kiran salla, ko injin niƙa, ko jaki, da asuba kuma zakara. Hanci ma na aiki, hayaƙin banda ba ya ɓuya, in ka ji shi ka san tunga na ta inda iska ke fitowa.

Sannan ka daina kwana kai kaɗai a lungu in da hali. Isa tunga da sauran rana, ka je ka gaida Sarkin Ruwa ko mai tungar, ka tambaya ina za ka ɗaure. Su za su gaya maka inda suka shimfiɗa ragar kalli da mamari don kada angarka ta yage musu kaya a yi rigima, su kuma suka san inda dorina take a makon nan. Ɗan goro ko sukari da za ka riƙa kai musu ba asara ba ne. Ni dai in la'asar ta yi ban ga inda za mu kwana ba hankalina ba ya kwanciya, ko ciniki bai ƙare ba tattara kayana nake.

Dan_Tunga:

Kai jama'a na gode, Allah ya biya ku. Baba Basarke wallahi ban taɓa sanin maganar baƙin ruwa ba, ina ta mamakin yadda ruwa ke ƙaruwa ba damina. Jiya na kai wa mai walda rodi, na sayo igiya gaba ashirin, riguna kuma na ba da saƙo a kawo min ranar kasuwa. Yaya Maman Hafsat na ji, in sha Allah ba zan ƙara wuce la'asar ba. Saura abu ɗaya Baba, in na jefa angar yaya zan tabbatar ta kama, kuma in ta saki ina barci da me zan sani? Don ranar nan ko motsi ban ji ba.

Basarke_Yelwa:

Madalla ɗana. Ba wurga ta ake ba, a hankali ake zura ta har ta taɓa ƙasa, sannan ka bar iska ta ja jirgi baya kana sakin igiya kaɗan-kaɗan, in ka tula ta gaba ɗaya bisa angar sai ta naɗe ƙugiya. In igiya ta ƙare ka ɗaure, ɗora tafin hannunka bisa igiyar a wajen jirgi. In ta miƙe ta yi shiru ta kama. In ka ji tana karkarwa tana ɗan fizga kamar kifi na taɓa ƙugiya, jan ƙasa take, ɗago ka sake. Sannan duba gefenka, ba gaba ba, ka haɗa abu biyu bisa layi kamar yadda na gaya maka, ka yi salla ka ci abinci ka sake dubawa, in sun rabu ka gusa. Ka tuna kuma iska na juyawa, jirgi zai kewaya angar iya tsawon igiyarsa, to kafin ka zauna bi da'irar nan da gora ka tabbata ba kututture a ciki.

Na dare kuwa ga yadda ubana ya koya mini. Nemi ƙaramin dutse ka ɗaura wa siririn zare, ka zura shi ƙasa daga goshin jirgi, ka bar masa sako-sako kamar gaba uku, ɗaya bakin ka ɗaura a kwanon sha ka aje bisa benci da cokali a ciki. In jirgi ya gusa zare zai miƙe ya jawo kwano ya faɗo. Wani lokaci juyin iska ne kawai zai tashe ka, ba komai, tashi ka taɓa igiya ka duba sama ka sake gyara zaren. Kuma ku raba dare kai da yaron, shi ya yi farkon dare kai ka karɓa daga tsakiya zuwa asuba.

In ruwa ya janye wajen Yuni ka yi mini magana ta nan, akwai ƙanena da ke bin wannan hanya da jirginsa duk mako, sai ka bi bayansa sau biyu ko uku ya nuna maka inda tsohon kogin Kwara ya bi.